TSAGAR GIDANMU A TSIBIRIN LANTA

SHAFI NA 19

Da sunan Allah nake farawa. Masu cika min waya da saƙo tun asuba, ku sarara min haka nan, ga shi na kawo. Ke kuma mai cewa na fiye jan rai, gyara zamanki, yau ba ki da abin cewa.

*

"Wai Huda, wayar ce ta lalace ko yaron ne ya manta yana da uwa?"

Tambayar da Hajiya Safiyyatu ke ta maimaitawa ke nan tun da ta dawo daga Harami da hantsi. Ta zauna, ta miƙe, ta ƙara turaren wuta a kasko, ta leƙa kicin, ta dawo ta sake zama a bakin kujera.

Yo ba dole ba? Autanta Abdulfattah, wanda aka yi shekara da shekaru ana fama da shi ya fito da mata yana zillewa, yau ga shi can ƙasar Tailan, a wani tsibiri wai shi Lanta, shi da babban yayansa Bakri, sun je neman auren Munirat. Yarinyar nan dai mai yi wa 'yan umarar ƙasarsu tafinta, wadda ta shiga shagon dabinonsa na Ƙiblatain sayen ajwa, ta fita da ajwar ta haɗa da zuciyar mai shagon.

"Ya Ummi, haƙuri shwayya," in ji Huda, 'yarta, tana danna waya. Ita haihuwar Madina ce, Hausa tana jinta tas, amma ba ta iya kai magana ƙarshe ba ta tsoma Larabci ba.

"Zauna Safiya, kina sa ni juwa," in ji Fatna, yayarta, wadda ta baje a kan darduma da butar gahawa a gabanta. "Sai ka ce ke za a kai ɗakin."

Matan maƙwabta da suka cika falon suka kwashe da dariya. Rabin matan layinsu na Harra ta Yamma suna nan, kowacce ta zo ganin ƙasar surukai.

Sai ga waya ta ɗau ƙara.

"Huwa! Shi ne!"

Huda ta yi wuf ta haɗa ta da babbar talabijin ɗin bango. Sai ga fuskar Abdulfattah ta cika allon, baki har kunne, iska na kaɗa masa gashi.

"Ummaaa! Assalamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam, ɗan nema! Sai yanzu? Ka ci abinci? Me suka ba ka?"

Kafin ya amsa Fatna ta ƙwalla ihu tana nuna allon.

"La'ilaha! Ku duba min ƙugunsa! Zani suka ɗaura maka, Abdul?"

Ya ja wayar baya don su gani da kyau. Farar jallabiya ce a jikinsa, an naɗa masa wani zani mai gida-gida a kanta. Har wani juyi ya yi, marar kunya.

"Adon mazan nan ke nan, Inna Fatna. Har Yaya Bakri sai da aka ɗaura masa."

"Bakri da tumbin nan nasa? Wayyo cikina!"

"Ku bari in nuna muku gari. Umma, buɗe idonki da kyau, wallahi ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ya juya wayar.

Salati ya ɓarke a falon ta ko'ina.

Titi ne guda ɗaya, dogo, gidajen katako dama da hagu, katakon ya tsufa har ya yi baƙi yana sheƙi. Bayan gidajen ta hannun hagu tsaunuka ne kore shar, bishiyar kwakwa ba iyaka. Mutanen da suka saba buɗe taga su ga baƙin dutsen Harra, ai dole su saki baki.

"Wannan shi ne tsohon garin," in ji Abdulfattah yana tafiya yana haki don murna. "Munirat ta ce da can nan ne bakin jirgi. 'Yan kasuwar Sin da na Larabawa duk a nan suke sauka. Kun ga wancan gidan mai jajayen fitilu? Na jikokin Sinawan ne. Ga masallaci can gaba. Tun zamanin kakanni suke zaune tare."

Ya ratsa wani ɗan lungu tsakanin gidaje biyu, katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa, ya saukar da wayar ƙasa.

"Umma, me kika gani ta tsakanin katakon nan?"

Hajiya Safiyyatu ta matso har hancinta na neman taɓa talabijin.

"Kai! Ruwa ne?"

"Bahar ne, Umma! Teku! Gidajen a kan turaku suke, ruwa na wucewa ta ƙarƙashin ɗakin kwana. Daga kan tabarmarka sai ka jefa ƙugiya ka kamo abin miya."

"Innalillahi! To idan yaro ya fara rarrafe fa?"

"Haba Umma!"

"Ba wani haba! Ka faɗa musu tun yanzu, jikokina ba za su yi rarrafe a kan teku ba. A Madina za ta zauna, ɗakinta ma na sa an yi masa fenti."

Mata suka sa shewa. Ita kanta dariyar take yi, tana share ƙwalla da bakin mayafi. Daɗi ne ya cika ta fal, irin wanda ta manta rabonta da shi tun rasuwar mijinta Malam Idrisa.

Ya nuna musu jiragen kamun kifi masu dogon hanci, an ɗaure musu ƙyallaye ja da rawaya a wuya. Ya nuna musu wasu mata sun shanya ƙananan jatan lande a rana, ya ce da shi suke yin daddawarsu, warinta ma sak tamu. Fatna ta ce to a taho mata da ita ta gwada a miyar kuka. Ya nuna wata doguwar gada da ta miƙe cikin ruwa, ya ce daga nan kakan Munirat ya hau jirgi zuwa aikin Hajji.

"Ina ita yarinyar? Ka cika mu da katako da kifi!" in ji wata maƙwabciya.

Sai ga wata 'yar fuska ta leƙo ta gefen kafaɗarsa, cikin farin hijabi, tana sunne kai.

"Ina kuwana, Umma. Ina gajiya."

Ai kafin ta rufe baki guɗa ta tashi a falon, har yaran layi suka taru a bakin taga.

"Hausa! Ta yi Hausa! Ayyiririiii!"

"Lafiya lau 'yata, lafiya lau 'yar albarka," in ji Hajiya Safiyyatu, tana shafa allon da tafin hannunta.

"Umma, saura babban abin," in ji Abdulfattah. "Jiya da muka iso babanta yana cikin teku, sai yau muka haɗu da shi a masallacin Juma'a. Wallahi mutanen garin nan gaba ɗaya sun taru a kanmu, kowa na ɗaukar hoto. Bari ki gani da idonki."

Ya shiga wani gida, ya ratsa dogon zaure mai duhu, ya ɓulla wata rumfar katako da ta leƙa kan ruwa. Maza ne zaune a kan tabarmi, ga tire-tiren shinkafa da gasasshen kifi.

"Yaya Bakri, matso kusa da Baba Yahya. Ku haɗa kai. Yawwa!"

Fuska biyu suka cika talabijin.

Ɗaya ta Bakri ce, baƙa, mai faɗi, da furfura tsilli-tsilli a gemu. Ɗayar ta baban Munirat ce, wani siririn mutum, fatarsa rana ta gasa ta, idanunsa ƙanana, yana murmushi.

A gefen idon kowannensu, dama da hagu, tsaga uku-uku ce gajeru. Ta tsakiyar ta ɗan fi tsawo.

Iri ɗaya sak.

"Subhanallah!"

"Ikon Allah! Su ma suna tsaga?"

"Ba sa yi!" in ji Abdulfattah yana dariya. "Duk tsibirin nan shi kaɗai ke da ita. Munirat ta sha ba ni labari, na ɗauka tabo ne kawai. Kun ga aure tun daga sama aka haɗa shi!"

Mutumin ya yi magana da yarensu, Munirat ta juya da Larabci. Wai a Madina aka haife shi, a can mahaifiyarsa ta rasu, tana kwance a Baƙi'a. Zancen tsagar kuwa mahaifinsa bai taɓa yarda an yi masa shi ba har ya koma ga Allah.

Finjalin gahawar da ke hannun Hajiya Safiyyatu ya suɓuce, ya tarwatse a kan tayil.

"Ummi! Esh fi? Lafiya?"

"Ba komai. Ina zuwa."

Ta miƙe tana dafa bango ta shige ɗakinta. Fatna, wadda dariya ta ɗauke mata ɗif tun ganin fuskokin nan, ta ja ƙafa ta bi ta, ta turo ƙofa ta murza makulli.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Shi ne," in ji Safiyyatu.

"Ki yi a hankali."

"Yaya Fatna, Yahyana ne! Yahyana yana raye!"

Ta zube a bakin gado, kuka da dariya suka haɗe mata lokaci guda. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta dafe ƙirji, ta sake ɗagawa.

"Kin gan shi? Ya girma, har da furfura! Har da 'ya!"

Kalmar ƙarshen nan ita ta katse mata murnar.

Har da 'ya.

Bari in mayar da ku baya kaɗan, don na san kun fara tambaya.

Shekara arba'in da wani abu da suka wuce, Safiyyatu na amarya, suna haya a wani tsohon gida kusa da Harami, cikin unguwannin da aka rushe daga baya. A satin da ta haifi Bakri, wata baƙuwar alhajiya a ɗakin da ke kallon nasu ta haihu, ta rasu a wurin haihuwar. Mijinta, wani Alhaji Sa'id, ya rasa yadda zai yi da jariri mai tsala kuka dare da rana. Safiyyatu ta miƙa hannu ta karɓe shi. Bakri a dama, Yahya a hagu.

Ranar suna aka kira Maigandi wanzami. Ita tana bayan gida wurin wankan jego, uban yaron yana masallaci. Maigandi ya tarar da jarirai biyu kwance cikin zani ɗaya, ya tambayi surukarta wanne ne ɗan gida. Tsohuwa ta ce wanda duk ya sha nonon gidan nan ai ɗan gida ne. Shi ke nan ya zaro aska ya yi wa duka biyun tsagar gidan Malam Idrisa.

Da Alhaji Sa'id ya dawo ya ga jini a fuskar ɗansa, kaɗan ya rage ya haukace. Bai iya ɗauke shi a lokacin ba, don ba shi da wata mai shayarwa. Ya haɗiye, ya zauna yana ɗan aikin ɗinki a kasuwa. Sai da yaro ya fara tafiya yana kiran Safiyyatu Umma, ranar nan ta dawo daga kai wa mijinta abinci ta tarar da ɗaki wayam. Ko sallama.

Ta yi jinya har aka fid da rai. Daga nan Malam Idrisa ya hana ambaton yaron a gidansa, ya kuma hana a sake yi wa wani ɗa nasa tsaga. Shi ya sa ko Bakri bai san labarin ba.

"Ni fa a Jawa nake nemansa," in ji Safiyyatu cikin kuka. "Duk mai irin fuskar nan ai Bajawe muke ce masa. Duk shekara in alhazan Indunusiya suka zo sai in yi ta leƙen gefen idon mazajensu a harabar Harami, har wani askari mai gadi ya taɓa korata. Wa ya taɓa ce min Tailan?"

"To ai kin gani," in ji Fatna da sauri. "Ba ki da tabbas. Ƙila wani ne."

"Hannun Maigandi ne, Yaya. Ko a mafarki na gan shi na san shi. An haife shi a Madina, uwarsa na Baƙi'a, sunansa Yahya. Me ya rage?"

Fatna ta zauna kusa da ita, ta rage murya.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? In Yahya ɗanki ne na nono, to yayan Abdul ne. Munirat kuma..."

"'Yar yayansa ce. Na sani."

"Babu aure har abada."

"Na ce miki na sani!"

A falo guɗa ta sake tashi. Ana jiyo muryar Abdulfattah ta talabijin yana tsokanar wata maƙwabciya, mata na ta shewa.

"Saurari yaron nan," in ji Fatna, idonta ya kawo ruwa. "Yaushe rabon da ki ji yana dariya haka? Tun rasuwar ubansa yaron nan daga shago sai ɗaki. Yarinyar nan ce ta dawo mana da shi. Safiya, Malam ya tafi, Maigandi ya tafi, tsohuwa ta tafi, uban yaron ma kin ji ya tafi. Daga ni sai ke."

Safiyyatu ta ɗago ta dube ta.

"Daga ni sai ke sai wa?"

Fatna ta sunkuyar da kai.

"Astagfirullah. Astagfirullah. Ban san abin da nake faɗa ba. Tausayinsa ne ya rufe min ido."

"Ni ba na tausayinsa? Ni na haife shi! Ni na matsa masa ya yi aure, ni na ce wa Bakri duk abin da ya yanke a can na amince. Yau kuma ni zan sa hannu in rusa masa?" Ta buga ƙirjinta. "Amma a garin Manzon Allah nake kwana nake tashi, Yaya. In yi shiru, in karɓi jikokin da aka haifa a haka in goya? Da wane bayan?"

"To ki bari su dawo. Ai tambaya kawai suka je yi. In sun dawo a zaunar da shi a hankali, a kira malami..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ummi, iftahi, buɗe ƙofa! Abdul yana nemanki. Ya ce baban Munirat yana son ya gaishe ki da kansa."

Fatna ta riƙe mata hannu tana girgiza kai. Safiyyatu ta zame hannunta, ta share fuska, ta buɗe ƙofar, ta karɓi wayar daga hannun Huda.

"Cire ta daga talabijin."

"Lesh, Ummi? Don me? Mutane na kallo."

"Na ce ki cire."

Huda ta cire. Falon ya ɗau ƙorafi, ita ko ta mayar da ƙofa ta rufe.

Ga Yahya nan a tafin hannunta. Ya gyara hula, ya dafa ƙirji, ya yi mata sallama da ɗan guntun Larabcinsa. Bayansa teku na ta ƙyalli, wani jirgi na wucewa.

Sai kallonsa take yi, goshin, kunnuwan, ɗan karkacewar leɓen nan da yake yi tun yana jariri in zai yi murmushi.

"Munirat," in ji ta da ƙyar, da Larabci. "Tambayar min babanki. Sunan mahaifinsa Sa'id? Tela ne? Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu?"

Munirat ta juya maganar tana murmushi, a zatonta hira ce.

Murmushin mutumin ya ɗauke.

Ya karɓe wayar daga hannun Abdulfattah ya kawo ta dab da fuskarsa. Ya yi wata magana da sauri, yatsunsa na shafa tsagar gefen idonsa.

"Ya ce... ya ce eh," in ji Munirat, ita ma muryarta ta sauya. "Ya ce a ina kika san shi?"

"Umma, wai me ke faruwa ne?" Abdulfattah ya leƙo da kai. "Kuka kike yi? Kin san kakanta ne? Kai, masha Allah! Yaya Bakri, zo ka ji, ashe ma 'yan uwa ne!"

Wayyo, yaro bai san gaskiyar da ya faɗa ba.

"Abdulfattah."

Tunda take ba ta cika kiran sunansa cikakke ba. Ya natsu.

"Na'am, Umma."

"Karɓi wayar. Ka matsa inda babu mutane, kai da yayanka."

Hoton ya yi ta rawa, katako, sama, ruwa, sannan fuskokinsu biyu a can ƙarshen rumfar.

"Ga mu, Umma," in ji Bakri. "Lafiya dai?"

Ta ja numfashi. Fatna ta toshe bakinta da mayafi.

"Ku saurare ni da kyau, don ba zan iya faɗa sau biyu ba. Mutumin nan ni na shayar da shi. Tare da kai, Bakri, kusan shekara biyu, har ya yi ƙafa. Aska ɗaya ta yi muku tsagar nan, rana ɗaya. Ɗana ne. Yayanka ne, Abdulfattah." Ta share ƙwalla. "Munirat 'yarka ce. Kada ku nemi auren nan. Ku ba su haƙuri, ku bar maganar a inda take."

Abdulfattah ya ƙura wa wayar ido.

Ruwa na ta dukan turakun gidan.

Bakri ya zare hularsa a hankali. Ya dubi ƙaninsa, ya kau da kai.

"Ba ku ji ni ba ne? Bakri, magana nake!"

Abdulfattah ne ya amsa, da wata murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba.

"Umma... mun yi ta kiranki kina Harami, wayarki a kashe. Da baban nata ya ga Yaya Bakri a masallaci, ya ce wannan alama ce daga Allah, ba zai bari mu fita haka ba. So nake in zaunar da ita a gabanki sannan in yi miki albishir."

"Albishir ɗin me?"

"An ɗaura, Umma. Ana idar da Juma'a aka ɗaura."